Dokar Hular Kwano A Jihohin Amurka: Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Shiga

Idan mai babur ya tashi daga Jihar New York ta ƙasar Amurka ya nufi kudu, tilas ne hular kwano ta kasance a kansa, ko shi wane ne, kome kuwa yawan shekarunsa. Da zarar ya tsallaka iyaka ya shiga Jihar Pennsylvania, in dai ya kai shekara 21 kuma ya shekara biyu da lasisi, yana iya ratsewa gefen hanya ya tuɓe hular ya rataye ta a bayan babur, babu ɗan sandan da zai ce masa kanzil. In ya ci gaba da tafiya har ya faɗa Jihar Maryland, sai ya sake tsayawa ya mai da ita. Kwalta ɗaya ce, babur ɗaya ne, kan kuma shi ne dai wanda ya fito da shi daga gida da safe. Abin da ya sake kawai shi ne ra'ayin 'yan majalisar da suka rubuta dokar kowace jiha.

Wannan shi ne halin da dokar hular kwano take ciki a Amurka, domin kuwa a can kowace jiha ita ke da ikon tsara dokokin hanyoyinta. Ya zuwa shekarar 2024, jihohi 17 ne kacal cikin 50, tare da Washington babban birnin tarayya, suka wajabta wa kowane mahayi da wanda ya goya sa hular. Jihohi 30 suna da dokar, amma sun yi mata togaciya, watau sun ɗora ta a kan yara da matasa, suka ɗauke wa manya, waɗansu bisa sharaɗi, waɗansu kuwa ba sharaɗin kome. Sauran ukun, Illinois da Iowa da New Hampshire, ba su da dokar ko kaɗan.

Fiye da shekara hamsin ke nan jihohin nan suna kafa dokar, su rushe, su sassauta, waɗansu ma su sake kafawa. Da yake kuma kowane sauyi da aka yi an bi shi da lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda suka jikkata, sai Amurka ta zama makaranta ga duk ƙasar da babura suka yi yawa a cikinta. Darasin da ke cikin lissafin nan kuwa a fili yake: dokar hular kwano da aka yi wa togaciya takan mutu ne gaba ɗayanta, ta kasa tsare har waɗanda aka ce saboda su aka bar ta.

ASALIN MAGANAR

A cikin watan Mayu na 1935, wani shahararren sojan Ingila mai suna T. E. Lawrence, wanda ya yi suna a yaƙin ƙasashen Larabawa, ya faɗi da babur kusa da gidansa, ya fasa kai, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, masanin tiyatar ƙwaƙwalwa, wanda mutuwar ta tsaya masa a rai har ya duƙufa a kan binciken raunin kai ga mahaya babur. Sakamakon aikinsa ne ya sa a 1941 rundunar sojan Birtaniya ta wajabta wa masinjojinta masu babur sa hular kwano. Jihar Victoria ta ƙasar Ostiraliya ce ta fara mai da abin doka ga farar hula a 1961, Birtaniya kuma ta bi sahu a 1973.

Aikin hular ba wani siddabaru ba ne. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, idan kai ya bugi kwalta ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsayawa, sai ta je ta bugi ƙashi daga ciki, ta kumbura ko jini ya zuba a cikinta. Ɓawon hular na waje yana baza ƙarfin bugun, soso mai tauri da ke cikinta kuma yana murƙushewa ya shanye shi, maɗaurin haɓa ya hana ta tashi daga kai. Hukumar kiyaye haɗurran hanyoyi ta Gwamnatin Tarayyar Amurka ta ƙiyasta cewa hular tana rage mutuwar mai tuƙi da kashi 37 cikin ɗari, ta wanda aka goya kuma da kashi 41 cikin ɗari. A 2022 mahaya babur fiye da 6,000 ne suka mutu a hanyoyin ƙasar, kuma in aka auna da nisan tafiya, mai babur ya fi na cikin mota kusantar mutuwa fiye da sau ashirin.

KAFAWA DA RUSHEWA

A 1966 Majalisar Dokokin Tarayya ta zartar da dokar kiyaye haɗurran hanyoyi, daga 1967 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa duk jihar da ba ta wajabta hular kwano ba tana iya rasa wani kaso na kuɗin gina hanyoyi. Kafin ƙarshen 1975 jihohi 47 sun kafa dokar a kan kowa da kowa, saura Kalifoniya da Illinois da Utah. Da aka tashi hukunta waɗannan ukun, sai ƙungiyoyin mahaya babur suka yi ca a kan majalisa, a 1976 majalisar ta ƙwace wa gwamnati ikon yin hukuncin. Cikin shekara uku kacal fiye da rabin jihohin suka soke dokarsu ko suka taƙaita ta a kan yara. A 1991 majalisar ta sake gwada jan hankalin jihohi ta hanyar kuɗi, a 1995 ta sake janyewa, nan da nan kuwa aka buɗe sabon babin sassauci: Arkansas da Texas a 1997, Kentucky a 1998, Louisiana a 1999, Fulorida a 2000, Pennsylvania a 2003, Mishigan a 2012, Missouri a 2020, kana Nebraska daga farkon 2024.

Masu neman sassaucin nan ba mahaukata ba ne, kuma adalci ne a faɗi hujjarsu yadda suke faɗinta. Cewa suke yi baligi mai hankali shi ke da iko da kansa, in ya zaɓi ya hau babur kai tsirara babu wanda ya cuta sai kansa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Suna cewa gwamnatin da ta soma zaɓa wa mutum abin da zai sa a ka, gobe za ta zaɓa masa abin da zai ci. Babbar ƙungiyar mahaya babur ta ƙasar, American Motorcyclist Association, tana kwaɗaitar da 'ya'yanta su sa hular, abin da take ƙi shi ne a tilasta wa manya. Suna kuma cewa hular ba ta hana haɗari aukuwa, gara a kashe ƙarfi wajen horar da mahaya da ladabtar da direbobin mota waɗanda ba su ganin babur a gabansu.

Wannan hujja ta ƙarshe tana da ƙamshin gaskiya. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a birnin Los Angeles, wanda aka buga a 1981 bayan an bi diddigin haɗurra 900, ya nuna cewa a kusan kashi biyu cikin uku na karon da babur ya yi da wani abin hawa, direban ɗaya abin hawan ne ya shiga hanyar mai babur. To, amma wannan hujja ce ta goyon bayan hular. Idan mafi yawan lokaci laifin na wani ne, ashe ƙwarewar mahayi da natsuwarsa ba za su fisshe shi ba, abin da ya rage masa a daidai lokacin da ya tashi sama shi ne abin da ke kansa. Binciken nan dai bai sami shaidar cewa hular tana toshe gani ko ji har ta jawo haɗari ba, alhali kuwa wannan zargi ne da ake ta maimaitawa a zaurukan majalisa har yau.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

Kalifoniya ta kafa dokar a kan kowa daga ranar 1 ga Janairu, 1992. A 1991 mahaya 523 ne suka mutu a jihar, a 1992 suka ragu zuwa 327, watau ragin fiye da kashi ɗaya cikin uku a shekara guda. Jihohin da suka bi hanyar sassauci kuwa kishiyar haka suka gani. A Arkansas da Texas, kafin 1997 kimanin mahaya 97 cikin ɗari ne ke sa hular. Bayan sassauci, a Arkansas suka koma wajen rabi, a Texas kuma wajen kashi biyu cikin uku, mace-mace suka ƙaru a duka biyun. Louisiana ta sassauta a 1999, masu sa hular suka ragu zuwa wajen rabi, mace-mace suka yi tashin gwauron zabo, har a 2004 'yan majalisarta suka ga uwar bari suka mai da dokar a kan kowa. Wanda ya ƙi ji dai ba ya ƙi gani ba.

Labarin Fulorida ya fi kowanne cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne aka ga inda togaciya take kai jama'a. Daga ranar 1 ga Yuli, 2000, jihar ta ɗauke hular wa duk wanda ya kai shekara 21, muddin yana da inshorar magani ta aƙalla dala 10,000. A shekara ukun da suka gabaci sauyin, daga 1997 zuwa 1999, mahaya 515 ne suka mutu. A shekara ukun da suka biyo baya, daga 2001 zuwa 2003, sun kai 933. Gaskiya ne yawan baburan da aka yi wa rajista ya ƙaru a wannan lokaci, amma ƙaruwar mace-macen ta zarce ƙaruwar baburan. Abin da ya fi ta da hankali shi ne, matasa 'yan ƙasa da shekara 21, waɗanda dokar ba ta ɗauke musu kome ba, mutuwarsu ta tashi daga 35 zuwa 101, kusan ninki uku ke nan.

Dalilin haka ba shi da wuyar ganewa. Ɗan sandan da ke tsaye a bakin hanya yana iya hangen kai ko da hula ko babu tun daga nesa, amma ba shi da yadda zai hangi shekarun mutumin da ya wuce shi a guje kamar walƙiya. Ɗan shekara 19 da ɗan shekara 23 kamanninsu ɗaya a kan babur. Da yake doka ta halatta wa manya tafiya kai tsirara, ɗan sanda ba shi da dalilin tsai da kowa, shi kuma yaro ya san haka sarai. Bugu da ƙari, yaro da babba yake koyi. In ya ga wansa da abokan wansa sun rataye hula, da wuya a ce shi kaɗai ne zai sa tasa ya zama abin dariya. Ashe ke nan dokar da aka ce an bar ta domin yara, a takarda kawai take tsare su.

SHARUƊƊAN DA BA A GANI

Waɗansu jihohi sun nemi su toshe wannan kafa da sharuɗɗa. Mishigan ta ce sai mutum ya kai shekara 21, yana da inshorar magani ta dala 20,000, kuma ya shekara biyu da lasisin babur ko ya ci jarrabawar horo. Texas ta ce shekara 21 tare da horo ko inshorar lafiya. Missouri ta ɗaga shekarun zuwa 26 tare da inshora. Nebraska ta ce shekara 21 tare da takardar shaidar horo. A kunne duk sharuɗɗan nan suna da daɗin ji, sai dai dukkansu a aljihu suke zaune ko a akwatin gida, ba a ganinsu daga bakin titi. Abin mamaki ma, a Texas da Missouri dokar da kanta ta hana ɗan sanda tsai da mahayi don kawai ya bincika ko ya cika sharaɗin. Watau an rubuta sharaɗi da hannun dama, an ɗaure mai duba shi da hannun hagu. Yawanci ba a sanin ko mutum ya cika sharaɗin sai bayan an kwashe shi daga kan kwalta.

Sharaɗin inshora shi ne ya fi kowanne yaudara. Manufarsa ita ce a ce wa jama'a kada su damu, wanda ya zaɓi kasada shi zai biya kuɗin maganinsa. Amma binciken da aka yi a Fulorida bayan sauyin dokar ya nuna cewa matsakaicin kuɗin da asibiti ke nema a kan mahayi ɗaya mai raunin kai ya zarce dala 40,000, ninki huɗu ke nan na abin da doka ta nema, kuma wannan kuɗin kwanciyar farko ne kawai. Ba a sa kuɗin gashi da koyon tafiya da koyon magana ba, balle na wanda zai ƙare rayuwarsa a kan gado ana juya shi. Tun 1986 kuma dokar tarayya ta wajabta wa asibitoci su karɓi duk wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko yana da kuɗi ko ba shi da su. Ragowar kuɗin dole wani ya biya, wannan wanin kuwa shi ne mai biyan haraji da sauran masu inshora.

Shi kuma sharaɗin horo, babu mai musun amfanin horo. Mahayin da ya koyi taka birki da karya kwana ya fi wanda bai koya ba. Sai dai takardar shaidar horo ba ta ƙara wa ƙoƙon kai kauri. A watan Yuli na 2011, a Jihar New York, wani mahayi ɗan shekara hamsin da 'yan kai ya fita cikin jerin gwanon nuna ƙin dokar hular kwano, kai tsirara, babur ya ƙwace masa, ya wuntsila ta kan kambun tuƙi ya bugi kwalta, ya mutu. 'Yan sandan jihar suka ce da alama da yana sanye da hular da ya rayu. Ba a kawo wannan labari don yi wa mamaci dariya ba, an kawo shi ne don a nuna cewa shekaru da daɗewa a kan babur ba su taɓa zama garkuwa ga kai ba.

KAN MUTUM NASA NE SHI KAƊAI?

Saura babbar hujjar, wadda duk sauran suka rataya a kanta, cewa wanda ya ƙi hula kansa kaɗai ya cuta. Wata kotun tarayya a Jihar Massachusetts ta amsa wannan tun 1972, a shari'ar da aka sani da Simon da Sargent, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin. Abin da alƙalan suka nuna shi ne, daga lokacin da mutum ya faɗi, jama'a ce ke ɗauke shi daga kan hanya, ta kai shi asibitin gwamnati, ta ba shi likita, ta tallafe shi in ya kasa komawa aiki, in raunin ya zama na har abada kuma ta ɗauki nauyinsa da na iyalinsa. Saboda haka babu yadda za a ce abin bai shafi kowa ba sai shi.

Ko da ma an ajiye maganar kuɗi gefe, mutum ba shi kaɗai yake zaune a duniya ba. Tsuntsun da ya ja ruwan nan yana da sheƙa, a cikinta akwai 'ya'ya. Matar da za ta bar sana'arta ta koma jinya, da yaran da za su tashi babu uba ko da uban da bai gane su ba, da tsohuwar da ta dogara gare shi, babu wanda ya nemi shawararsu sa'ad da aka rataye hular a bayan babur. Har direban motar da aka yi karon da shi, wanda da an sa hula da abin ya tsaya a karaya, yanzu zai ƙare kwanakinsa da nauyin rai a wuyansa. 'Yancin da wani ke ɗaukar nauyinsa bai cika 'yanci ba.

Akwai kuma tufka da warwara a cikin dokokin jihohin kansu. Jihohi 49 cikin 50, in ban da New Hampshire, sun wajabta wa baligi ɗaura bel a cikin mota. Majalisar da ta ga ya dace ta tilasta wa mutumin da ke zaune cikin akwatin ƙarfe ya ɗaure kansa, ita ce kuma ta ce wanda ba shi da kome tsakaninsa da kwalta ya yi yadda ya ga dama. Ruwa ba ya tsami banza. Bambancin shi ne mahaya babur suna da ƙungiyoyi masu haɗin kai, waɗanda ke cika harabar majalisa da babura duk ranar da za a yi muhawara, su kuwa marayu da gwauraye da naƙasassu ba su da jerin gwano. Alƙaluman hukumar tarayya suna nuna cewa a jihohin da ba su wajabta hular a kan kowa ba, fiye da rabin mahayan da ke mutuwa ba su da hula a ka, a jihohin da suka wajabta kuwa kimanin ɗaya ne cikin goma. A 2024 wata cibiyar bincike ta kamfanonin inshora ta ƙiyasta cewa da duk jihohi sun riƙe dokar tun daga 1976, da an tsirar da rayuka fiye da 20,000.

MAGANAR RAWANI

Togaciya ɗaya ce ta bambanta da sauran, ita ce ta addini. Mabiya addinin Sikh suna ɗaukar rawani wajibi ne a kansu, hular kwano kuma ba ta hawa kan rawani. Birtaniya ta ɗauke musu dokar a 1976, Indiya ma ta toge su, haka nan waɗansu lardunan Kanada, cikinsu har da Alberta da Ontario a 2018. A Kalifoniya majalisa ta zartar da irin wannan a 2023, Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu. Mutane masu hankali suna iya saɓawa a kan wannan, domin an haɗa abu biyu masu nauyi, rai da imani. Amma ko wanda ya goyi bayan wannan togaciya zai yarda cewa ta sha bamban da ta shekaru da ta inshora: ta shafi mutane ƙalilan ne, kuma rawani abu ne da ɗan sanda ke gani da idonsa, saboda haka ba ta rushe dokar ga sauran jama'a. Duk da haka rawani ba ya aikin hula, wanda ya hau da shi ya san kasadar da ya ɗauka.

GANI GA WANE

Nijeriya ma tarayya ce mai jihohi, babur kuma a nan ya fi zama abin tsoro, domin a Amurka yawanci abin shaƙatawa ne na ƙarshen mako, a ƙasar nan kuwa abin neman abinci ne, shi ke kai mai ciki asibiti, ya kai yara makaranta, ya kai amfanin gona kasuwa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta hular kwano daga ranar 1 ga Janairu, 2009, ga mai tuƙi da fasinja baki ɗaya. Jama'a ba su manta abin da ya biyo baya ba: farashin hula ya yi tsalle, 'yan acaɓa suka fito da ƙwarya da tukunya da bokitin roba a ka, fasinjoji suka ƙi sa hular da kowa ke sawa, waɗansu don tsoron cutar fata, waɗansu don jita-jitar asiri. Ba a daɗe ba zafin kamen ya huce. Daga baya Kano a 2013, da Legas a waɗansu yankunanta, suka hana acaɓa saboda dalilan tsaro da cunkoso, amma hanin bai sa hula a kan miliyoyin da ke hawa baburansu a garuruwa da ƙauyuka ba.

Dokar ƙasar nan ba ta da togaciya a rubuce, sai dai dokar da ba a aiwatarwa ta toge kowa da kowa ke nan. Ƙasar Biyetnam, wadda ita ma ƙasar babura ce mai zafi kuma ba mai arziki ba, ta wajabta hular a kan kowa da kowace hanya daga ranar 15 ga Disamba, 2007, bayan an yi ta wayar da kai, an kuma wadata kasuwa da hula mara nauyi mai sauƙin kuɗi, cikin ɗan lokaci masu sawa suka haura kashi 90 cikin ɗari. Abin da ya sa ta ci nasara shi ne abin da jihohin Amurka talatin suka rasa, watau doka ɗaya mai sauƙin fahimta, wadda ido ke iya tabbatarwa.

Saboda haka duk majalisar da za ta taɓa dokar hular kwano, a Amurka take ko a nan gida, wajibi ne ta kiyaye abu uku. Na farko, dokar ta hau kan kowa, mai tuƙi da wanda aka goya, babba da yaro, ɗan kasuwa da ma'aikaci da mai kaki. Na biyu, a fayyace irin hular da ake nufi, a kuma sa ido a kan masu shigo da ita da masu sayarwa, domin hular wasa da ba ta da soso a ciki ba ta fi ƙwarya ba, hular da ba a ɗaure ta a haɓa ba kuma takan riga mai ita isa ƙasa. Na uku, a sauƙaƙa kuɗinta, a sa dillalan babur su haɗa ta da kowane babur da suka sayar, sa'an nan a riƙe kamen kullum, kada ya zama na mako biyu ko hanyar karɓar na goro. Jihohin Amurka sun riga sun biya kuɗin wannan karatu da rayukan 'ya'yansu, babu dalilin da zai sa wata ƙasa ta sake biya. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali yakan shafa wa nasa ruwa.